Lambar da Surukina Ya Ce Ba Ta Rabuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, surukina kuwa ya riga mu komawa. Ya cika da hantsi, ana tsakiyar girbin masara, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da muka dawo daga maƙabarta babu wurin jingine babur a ƙofar gidan. Mutanen Bebeji sun cika bas guda, na Kiru da Ƙafin Maiyaki sun zo bibbiyu da uku-uku a kan babura, washegari na Tudun Wada da Doguwa suka iso da jar ƙasa a bakin rigunansu. Duk garin da aka taɓa tura shi koyar da lissafi a firamare, sai da wani ya taso daga can.

Aikina a zaman makokin shi ne shimfiɗa tabarmi da zagayawa da buta, abin da ya dace da mijin 'ya ke nan. Mai zagayawa da buta kuwa yana jin magana. Wani dattijo mai sayar da taki ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ɗaga yatsa ya zana ɗaya a iska har sau bakwai. Na kusa da shi suka yi murmushi, wani ya sa hannun riga ya share ido.

"Lambar Malam," in ji dattijon. "Ba ta rabuwa."

Wani direban babbar mota ya ce shi a bayan motarsa ya sa aka rubuta ta, inda wasu ke rubuta addu'a, kuma har Kudu an sha tambayarsa ko lambar waya ce. Aka yi 'yar dariya irin ta gidan mutuwa, wadda ba ta daɗewa. A cikin gida ma, matata ta ce wata ungozoma da ta taɓa zama ɗalibarsa ta yi kuka har muryarta ta dishe, da ta lafa sai ta ce ta manta rabin abin da aka koya mata a makaranta, amma ba ta manta da wannan lambar ba.

Ga wanda bai zauna a ajinsa ba, lambar ita ce ɗaya guda bakwai a jere, 1,111,111, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari da goma sha ɗaya da ɗari da goma sha ɗaya. Surukina ya ce babu lambar da za ta raba ta daidai ba saura, sai ɗaya ko ita kanta. Ya ce ya bi ta da rabawa tun daga biyu har ya haura dubu, inda lissafi ya ce in ba a samu ba to babu, kuma ba wadda ta ci ta. A kan wannan maganar ya yi ritaya, a kanta ya tsufa, da ita garuruwa biyar suka san shi.

Ni ma malamin lissafi ne, a sakandare, kuma ɗalibaina za su shaida cewa jan birona ba ya jin roƙo. Amma ni surukinsa ne. Ko a wannan takarda ba zan iya rubuta sunansa ba, hannuna ba zai yarda ba. Tun ranar da aka ba ni 'yarsa, takalmana a waje suke kwana in na je gaisuwa. In durƙusa daga bakin zaure, kaina a ƙasa, in ce, "Baba, barka da hutawa." Ya ce, "Madalla, yaya mutanen gidan?" Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Kowa a garin yana yabon ladabina, iyaye har misali suke yi da ni ga mazajen 'ya'yansu, ni kuma ina jin daɗin hakan.

Don haka yawancin abin da na sani game da shi daga bakin mutane na ji, ko daga nesa na hango. Na sha hango shi bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinken dawa yana rabawa. In ya gama sai ya goge da ƙafa, ba ya ajiye komai. Akuyar gidan ta san wurin, takan ratsa ta tsakiyar aikin, shi kuma ya bi ta da "Allah ya shirye ki" kamar ɗaliba.

Lambobi a wurinsa mutanen gari ne, kowa da halinsa. Da wasan cika ko mara yake fara wa 'yan aji ɗaya, ya dunƙule gyaɗa a hannu ya ce su canka, daga nan su gane wadda ke rabuwa biyu da wadda ke barin saura. In sun girma sai ya shiga da su unguwa-unguwa. Akwai masu sauƙin kai, irin su sha biyu da sittin. "Sittin mutumin kirki ne," haka yake cewa, "kowa ya zo ƙofarsa sai ya samu." Akwai waɗanda yake kira cikakku, shida da ashirin da takwas, waɗanda in ka tara duk ƙananan da ke raba su sai su maido maka da lambar cif, kamar yadda ɗaya da biyu da uku ke ba da shida. Ya ce irinsu ba su da yawa, a lamba da a mutane. Sai kuma gagararru, irin su bakwai da sha ɗaya da sha uku, waɗanda ba mai raba su. Waɗannan su ne 'yan gaban goshinsa.

Tsofaffin ɗalibansa sun kwaikwayi yadda yake kai yara ga babbar lambar, har da yadda yake gyara hula. Zai rubuta ɗaya biyu a allo, sha ɗaya, ya ce gagararriya ce. Ya ƙara wani ɗaya a jeren, uku ta raba ta. Ya ƙara, sha ɗaya ta raba ta. Ya ƙara, arba'in da ɗaya ta yi maganinta. In ya kai ɗaya shida a jere sai ya kama haɓa. "Wannan kasuwa ce! Uku ta ci, bakwai ta ci, sha ɗaya ta ci, sha uku ta ci, talatin da bakwai ma ba a bar ta a baya ba." Sannan ya ƙara ɗaya na bakwai a hankali, ya sa aji ya sake gwada waɗannan biyar ɗin duka, kowacce ta zo ta bar saura ɗaya. Ya ce su karanta ta daga hagu kamar boko, su karanta daga dama kamar ajami, duk ɗaya ce. Yaran ƙauye da ba su taɓa ganin miliyan ɗin komai ba sai su tafi gida da miliyan a ka.

Abin da ya tsana a duniya shi ne ɗalibi ya ce masa haka ne. Bai cika duka a kan kuskure ba, amma wanda ya gyaɗa kai ya ce "haka ne, Malam" ya shiga uku. Sai ya miƙa masa alli. "Kar ka ce mini haka ne. Zo ka nuna mini." Da mai taki ya faɗi wannan a zaman makoki, duk wurin aka amsa da cewa wallahi haka yake. Ni ina tsaye da buta a hannu na ji wani abu ya ɗan soke ni, don ban tuna na taɓa ce masa wata kalma da ta wuce haka ne ba.

Rigimarsa da aka fi tunawa da wani amininsa ce, hedimasta a wajen Tudun Wada, wanda ya daɗe da rasuwa. A kan ɗaya suka ɓata. Aminin ya ce ɗaya ita ce uwar gagararru, tunda ba mai raba ta. Surukina ya ce ɗaya ba ta cikinsu, domin gagararriya masu raba ta biyu ne, ɗaya da ita kanta, ita kuwa ɗaya mutum guda ne ya sa riga biyu. A gidan suna aka fara, a gaban tuwo, har miya ta huce. Daga kaka har faɗuwar ruwa ba su gaisa ba. In sun haɗu a masallacin Juma'a kowa ya nemi sahunsa daban. Matansu ne suka gaji suka haɗa baki, kowacce ta ce wa mijinta ɗayan ba shi da lafiya, suka yi karo a hanya kowa na tura keke zuwa duba ɗan'uwansa. A nan bakin hanya suka rungumi juna, kuma kafin su rabu sun koma kan gardamar. Babban wan matata ya ce ranar da aka binne hedimastan ne kaɗai ya taɓa ganin hawayen mahaifinsu.

Wani Bafulatani dogo ya zo daga wajen Doguwa a rana ta biyu, ya zauna a bakin tabarma har aka ragu. Ya ce yana aji uku mahaifinsa ya cire shi, don damina ta faɗi kuma ba mai bin shanu. Ran Asabar sai ga Malam a kan keke, ya bi sawun garke har cikin daji, wandonsa duk ƙaya. Bai yi wa uban faɗa ba, bai ce a maido da yaro ba. Ya tara tsakuwa a inuwa ya ci gaba da darasi daga inda aka tsaya, kuma haka ya riƙa zuwa har kaka. "Ban koma makaranta ba," in ji mutumin, "har yau kiwo nake. Amma ba wanda ya taɓa cutata a awon magani ko a rabon dusa. Allah ya jiƙan Modibbo." Ya ajiye ƙwaryar man shanu ya ce a kai wa tsohuwa, matar Malam, ya tafi.

A ranar ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibansa ya kira ni gefe. Ya ce sun yanke shawara za su yi wa ajin da Malam ya fara koyarwa fenti, a rubuta sunansa a bangon da ke kallon fili, a ƙasa a zana lambar da manyan baƙaƙe, a ce ga lambar da ba ta rabuwa, don jikokin jikoki su gani.

"Kai ne malamin lissafi, kuma kai ɗan gida ne," in ji shi. "Ka tsara mana kalmomin yadda masana ke faɗa, mu ba mai fenti. Kar mu rubuta abin da wani zai zo ya yi mana dariya."

Na ce to, da farin ciki ma. Na zaga bayan rumbu inda babu hayaniya, na ciro waya, niyyata kawai in ga yadda ake tsara irin wannan bayani. Na buga ɗaya guda bakwai a jere a wani shafin lissafi. Kafin in ɗauke yatsana amsa ta fito: 239 sau 4,649.

Na ce ƙarya ne. Na tsuguna na share ƙasa, na karyi tsinke, na yi da hannuna. Ɗari biyu da talatin da tara ta shiga sau huɗu, na sauko da ɗaya, ta shiga sau shida, na sauko da ɗaya, sau huɗu, na sauko da na ƙarshe, sau tara, babu saura. Na sake, na kuma sakewa ta hanyar ninkawa. Lambar Malam tana rabuwa, kuma wadda ke raba ta ba ta ma yi nisa ba.

Ban san yadda zan kwatanta kunyar da ta rufe ni ba. Ji na yi kamar na laluba aljihun mamaci. Na ji masa kunya, mutumin da ya shafe shekaru a gindin darbejiya, wataƙila rana guda ya sauko da lamba ba daidai ba, ko akuya ta taka masa layi, ya wuce bai sani ba. Na ji wa direban nan kunya da yake yawo da ita har Kudu. Na fi jin tawa, don aikin da na yi yanzu bai kai tsawon alwala ba, kuma ina da hannu da tsinke tun ranar da na shigo gidan. Bincika maganar suruki a wurina daidai yake da ɗaga masa murya, shi ya sa ko a zuci ban taɓa gwadawa ba. Na goge ƙasar da sauri kamar wanda ya yi ɓarna, na koma na ɗauki butata.

Matata na fara gaya wa, a ɗakin da aka sauke mu. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Malam, don girman Allah ka bar maganar nan a cikinka. Wa zai sani? Wa ya sani duk shekarun nan?"

Na so in bi maganarta. Na ɗauki biro in rubuta wa mai fenti, hannuna ya ƙi. Bangon makaranta ba bayan mota ba ne. Yara za su tsaya a layi kowace safiya suna kallonsa, su haddace, wata rana wata yarinya mai waya ta buga lambar kamar yadda na buga, ta nuna wa ƙawayenta, sunan surukina yana sama da manyan baƙaƙe ana ƙyalƙyala dariya. In na yi shiru na bar shi ga wannan ranar. In na yi magana, ni ne surukin da ya jira aka binne mutum sannan ya ciro jan biro.

Ranar da za a tashi daga zaman makoki shugaban ƙungiyar ya sake tambayata, na ce ya ɗan ƙara mini lokaci. Na ja babban wan matata cikin zaure, na durƙusa, na ce, "Yaya, akwai magana, kuma wallahi da na iya haɗiye ta da na haɗiye." Na gaya masa. Ya miƙe tsaye.

"Yana da rai kana durƙusa masa kamar ba ka iya ƙirga yatsunka ba. Yau da ƙasa ta rufe masa ido ka zama gwani? Ko tabarmin makokinsa ba a naɗe ba!"

"Yaya, ba raini ba ne."

"To mene ne? Abu guda mutumin nan ya bari da ake tunawa da shi. Ba gida ya bari a birni ba, ba mota ba. Shi ne za ka ƙwace?"

Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan. Muryarsa kuwa ta riga ta tsallaka cikin gida. Ba a jima ba ƙanwar surukata ta leƙo, ta dubi Yaya, ta nuna ni ta ce, "Tsohuwa na kira. Ba kai ba, shi."

Tsakanina da surukata gaisuwa ce kawai, ita ma yawanci ta bakin wani. Na cire takalmi tun daga tsakar gida, na durƙusa a bakin ƙofarta. Tana ciki a kan tabarmar takaba, labule ya sauka rabi, ƙafafunta da carbinta kawai nake gani. Na yi mata gaisuwa, na ce Allah ya jiƙan Baba, ya sa ilimin da ya shuka ya zame masa fitila a kabari, ya ba mu haƙurin rashinsa. Ta amsa da amin. Sannan ta tura gawayi guda da gefen hannu har ya gangaro gabana.

"An ce kun ce lambar ta rabu. Ni ban yi boko ba, amma na san yadda aikin yake ƙarewa, na sha gani. Ku yi a nan."

Na yi a kan daɓen ƙofarta, gawayi na karyewa. Matan gidan suka yi cirko-cirko, Yaya yana tsaye a bayana ina jin numfashinsa. Da na ja layin ƙarshe na ajiye gawayin.

"Saura nawa?" in ji ta.

"Babu saura, Inna."

Carbin ya tsaya. Na jira kuka ko faɗa, sai na ji ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo.

"Allah Sarki. Ai ya faɗa. Ya sha ce mini, ni kaɗai na yi aikin nan, na duba wa 'ya'yan mutane nasu har idona ya mutu, nawa ba wanda ya duba mini. Ya so ya sake bi daga farko, ido ya ƙi." Carbin ya ci gaba da tafiya. "Ranar da aka ce masa malamin lissafi ne ke neman yarinyar nan, bai tambayi gidanku ba, bai tambayi gonarku ba. Kasuwa ya tafi ya sayo kwalin alli. Duk ranar da aka ce za ku zo gaisuwa, sai ya rubuta ta a bangon zaure, daidai saman inda yake zama, ya ce yau dai zai gani ya tanka. Shi ba zai iya ce wa surukinsa zo ka duba mini ba, da wane baki? In kun tafi sai ya shigo ya ce, yaron kirki ne, amma bai ɗaga kai ba."

Wallahi ban taɓa ganin rubutun ba. Na san tabarmar zauren nan saƙa-saƙa, na san tsagar da ke ɗan yatsan ƙafarsa, na san inda tururuwa ke fitowa a gindin bango. Abin da ke sama da kafaɗarsa ban sani ba. A bayana na ji Yaya ya ja hanci, ya juya ya fita.

Na gyara durƙuso. Na ce, "Inna, mutanen suna jira. A bangon makarantar me za a rubuta?"

"Ku rubuta yadda take, da abin da ya raba ta, ku sa sunansa a sama," in ji ta. "Ai shi ya yi tambayar. Ku dai kun makara da amsa."